Yadda Aka Yi Na Zama Abu Harara

Shekara ashirin da shida na yi ina aiki a filin jirgin Madina, kuma yawancin ranakun sun cakuɗe sun zama ɗaya a kaina. Amma ban taɓa mantawa da ranar da na samu sunan da kuke kirana da shi ba. Na san sababbin cikinku suna zaton ina da ɗa ne mai suna Harara. Wasu kuma Ishaƙa ya riga ya ba su labarin, ya zuba masa gishiri son ransa. Tunda na ajiye aiki, babu sauran girman da nake karewa, to bari ku ji daga bakina.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfaninmu shi ke kula da fasinjojin da ba sa iya doguwar tafiya, tsofaffi da marasa lafiya. Muna tarar su a bakin jirgi da keken turawa, wanda a nan kowa ke ce wa arabiyya, mu bi da su wajen jami'an fasfo, mu wuce wajen kaya, mu miƙa su ga motarsu. A ƙasa akwai masu turawa. Sama da su akwai mushrif, mai duba aikinsu, shi ke riƙe da rediyon hannu. Sama da mushrif akwai mudiri, shugaban duk waɗanda ke bakin aiki a wannan lokacin. A shekarar da nake magana ni ne mushrif na safe, saura shekara huɗu in yi ritaya.

Mudirinmu Ustaz Majid ne, ɗan abokina. A unguwarmu ta Sih aka haife shi, ni na riƙe ragon sunansa aka yanka. Hausa yana jin ta tsaf, amma in ka yi masa sai ya mayar maka da Larabci, kamar yawancin 'ya'yanmu. A wurin aiki ina ce masa Ustaz, shi yana ce mini Ammi Usman, wato Baffa Usman, kowa ya riƙe nasa.

A bangon ofishinmu akwai wata takarda mai sunan kowa da harsunan da yake ji, don in an samu fasinjan da ba a gane maganarsa ba a san wanda za a kira. Gaban sunana an jera biyar: Hausa, Larabci, Turanci, Indonisiyanci, Urdu. Ni na faɗa aka rubuta. Gaskiyar magana kuwa, Urdun nawa bai wuce kalma goma sha biyu ba. Pani ruwa, baito zauna, calo mu tafi, da 'yan'uwansu. Da su na yi shekara ashirin ina tafinta, ina ɗaga murya ina kaɗa hannu, kuma ba a taɓa kama ni ba, domin tsohon da ya sauko daga jirgi abu uku yake nema, ruwa da banɗaki da jakarsa.

Mutum ɗaya ne ya san sirrina, shi ne Ishaƙa, mai kula da jakunkunan hannu na fasinjojinmu. A Sudan aka haife shi. Kakanninsa Zagezagi ne, nawa Kanawa. Ni ban taɓa ganin Kano ba, shi bai taɓa ganin Zariya ba, amma wasan da ke tsakanin garuruwan nan biyu mun gaje shi cikakke, kullum sai ya kira ni bawansa. Kafin ya zo filin jirgi ya daɗe yana aiki a shagon wani mai sayar da kayan ƙamshi da magungunan gargajiya kusa da Harami, shi ya sa har yau in ka yi tari gabansa sai ya rubuta maka saiwa.

Ranar Talata ce a watan Rajab, ana sanyi-sanyi, ba a daɗe da fita daga shekarun annoba ba. Dokar kamfani a lokacin ba ta da wasa. Duk fasinjan da ya ce yana zazzaɓi, mushrif zai sanar ta rediyo, a sa masa takunkumi, a kai shi ɗakin keɓewa na asibitin filin, kuma ba zai fita ba sai likita ya sa hannu. A Larabci zazzaɓi shi ne harara. Mu a nan ko Hausa muke yi haka muke cewa, yaro ya kwana da harara. Ta gida kuma, wadda uwa ke yi wa ɗa da ido, tana nan ba ta je ko'ina ba.

Wajen ƙarfe takwas da rabi wani jirgi ya sauka daga Indiya da 'yan umra, jirgin da ya kamata ya iso tun jiya da rana. Jagoran ayarin, wani mai gajeren gemu da Larabcin makaranta, ya same ni a bakin ƙofa yana duba agogo.

"Ya shekh, don Allah ku taimaka mana da sauri," in ji shi. "Tasrihinmu na Rauda ƙarfe goma sha ɗaya ne. Jinkirin jirgi ya cinye mana kwana guda."

Tasrihi shi ne izinin shiga Rauda, wurin nan da ke tsakanin ɗakin Manzon Allah da mumbarinsa. Ana ba mutum rana da lokaci, in lokacin ya wuce ya wuce, ba a sake ba shi wani a kwana kusa. Su kuwa kwana biyu ya rage musu a Madina su wuce Makka. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai ya faɗo hannun waɗanda suka san aiki.

Masu turawa sun yi mana ƙaranci, sai na karɓi arabiyya ɗaya da kaina. Wanda ke kai wani tsoho ne siriri mai farin gemu, da hular ulu da rigar sanyi biyu, an rataya masa kati a wuya mai sunan Abdulgafur. Muka wuce fasfo lafiya. Muna shiga wajen kaya sai ya damƙe mini wuyan hannu. Goshinsa na tsatsafo da gumi, hannu ɗaya a ciki, yana nuna gaba, can inda Ishaƙa ya tara jakunkunan hannu a kan amalanke.

"Harar," in ji shi. "Harar."

Na sunkuya na ce, "Harara?"

Fuskarsa ta washe, irin ta wanda ya daɗe yana neman mai jin maganarsa. Ya gyaɗa kai da ƙarfi. "Haan, haan. Harar."

Na sa bayan hannuna a goshinsa na ji ɗumi. Yanzu na san cewa ko tulu ka sa wa hular ulu da rigar sanyi biyu zai yi ɗumi, amma a lokacin ban tsaya wannan tunanin ba. Ya bubbuga cikinsa yana cewa "pet, pet." Wannan kalmar ba ta cikin goma sha biyun nawa, don haka na yi kamar bai faɗe ta ba. Jagoransu yana tsaye bai fi taku ashirin daga inda muke ba, yana rarraba fasfo. Da na yafuto shi, da magana ta ƙare cikin minti ɗaya. To amma mushrif mai harshe biyar ya nemi tafinta gaban yaransa? Na danna rediyo na sanar cewa ina da fasinja mai zazzaɓi.

Kafin ka ce me an sa masa takunkumi, mun juya arabiyya zuwa asibitin filin. Tsoho yana ta waiwayen amalanken nan yana nunawa, ni kuma ina ce masa "baito, baito," alhali a zaune yake.

A ɗakin keɓewa ma'aikaciyar jinya ta auna shi, ta dubi abin awon, ta sake aunawa. Ta fito ta ce mini jikinsa lafiya lau, babu zafi ko kaɗan. A nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita ta biyu, ni kuma na rufe ta da hannuna. Na ce mata, "Wataƙila ya sha ƙwaya a jirgi ta danne shi." Ta ce in haka ne sai a jira rabin awa a sake aunawa, kuma likita yana ɗaya ɓangaren wajen wata mata da ta faɗi. Ta rufe ƙofar gilas ɗin. Ta cikin gilas tsohon nan ya ɗago ido ya dube ni. Takunkumi ya rufe masa baki da hanci, idanun kaɗai suka rage, kuma sun isa. Tun rasuwar mahaifiyata ba a yi mini irin wannan hararar ba.

Jagoran ya iso da gudu. Ya nemi a bar shi ya shiga ya tambayi tsohon, aka ce doka ta hana.

"Tun daga gida muke tare, bai ce mini yana zazzaɓi ba," in ji shi.

Na ce, "Da bakinsa ya faɗa mini. Ina jin Urdu."

Ya dube ni, ya dubi agogo. Ya ce mutumin nan ya haura saba'in, wannan ce fitarsa ta farko daga ƙasarsu, kuma tun da suka taso ba shi da zance sai na raka'a biyu a Rauda. A jirgi ma sau uku yana tashinsa daga barci yana tambayar ko izinin yana nan. Ƙarfe goma saura kwata jagoran ya yi waya ya ce wa abokin aikinsa ya tafi da motar ayarin kai tsaye Harami, ba zai tsare mutum arba'in saboda mutum ɗaya ba. Shi ya zauna a kan benci ya haɗa kai da gwiwa. Ni kuwa bakina bai mutu ba tukuna, ina ta yi masa bayanin muhimmancin doka.

Sai ga Ishaƙa da wata 'yar jakar yadi a hannu. Ƙa'idarmu ce jakar hannu ta bi mai ita duk inda aka kai shi. Ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya, ta shigar. Tsoho ya fizge ta kamar an dawo masa da ɗansa, ya zazzage ta a cinya, ya zaro wani ɗan gwangwani, ya buɗe. Ya tashi da ƙafarsa, mutumin da na turo a arabiyya, ya zo jikin gilas, ya ja takunkumin ƙasa, ya ɗaga wani abu baƙi mai tamoji kamar busasshen dabinon da aka manta a aljihu. Ya manna shi daidai hancina.

"Harar," in ji shi, a hankali, yadda ake koya wa yaro magana.

Jagoran ya dafe kai. Ishaƙa ya matso ya leƙa, ya dube ni, sai kawai ya zauna a ƙasa. Dariya ta hana shi tsayuwa.

"Kai, bawana," in ji shi da ya samu numfashi. "Wannan ai halilaj ne. Sha'ir hindi, wanda muke aunawa a shago. 'Yan Hindu harar suke ce masa. Masu maganin gargajiyarsu, Ayurbeda, ba su da abin da suka ɗauka da girma wajen ciki kamarsa. In ciki ya kumbura, ko bayan gida ya ƙi fita, sai a tauna ko a daka a sha da ruwan ɗumi. Bawan Allah ya yi kwana biyu a zaune yana cin busasshen burodi. Ciki ne ya ɗaure masa, kai kuma ka zo ka ɗaure shi gaba ɗaya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙarfe goma da minti goma.

Ustaz Majid ya iso, ya ji bayani, bai yi dariya ba, ko da yake na ga gefen bakinsa yana rawa. Ya kira likita a waya. Likita ya ce tunda awo bai nuna zafi ba, in wanda ya sanar ya rubuta da hannunsa cewa fasinjan bai ce yana zazzaɓi ba, zai zo ya duba shi ya sa hannu yanzu. Ustaz ya miƙo mini takarda da biro. Na fara rubutu da Larabcina mai kyau: saboda yawan hayaniya a wajen kaya, da kuma kusancin da ke tsakanin wasu lafuzza a harsunan gabas. Ina kan layi na uku ban kai ko'ina ba, sai ya dafa takardar. Yaron da ban taɓa jin ya haɗa jimlar Hausa a wurin aiki ba ya buɗe baki, harshen na karkacewa, ya ce:

"Ammi, rubuta gaskiya. Tsoho yana jira."

Na juya takardar na rubuta layi uku. Fasinja bai ce yana zazzaɓi ba. Sunan maganinsa ya faɗa. Ni ban iya Urdu ba. Na sa hannu. Ishaƙa ya ce in ana bukatar shaida yana kusa.

Likita ya zo ya duba, ya sa hannu ƙarfe goma da minti ashirin da biyar. Ustaz ya ba da izinin a fito da motar kamfani mai ɗaukar arabiyya, ya ce in bi su da kaina, tunda ni na ƙulla. Muka ɗauki hanya, ni da jagoran da tsoho. Direba ya yi abin da ba zan rubuta a nan ba. Tsoho bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya jefa harar guda a baki yana tsotsa, idonsa a kan taga. Da dutsen ya bayyana ta hannun dama, ja-ja a cikin rana, sai ya ce a hankali, "Uhud?" Na ce na'am. Wannan karon na tabbata na ji daidai.

Mota ba ta kaiwa bakin masallaci. Daga inda aka sauke mu na kama arabiyyar nan na tura da gudu a farfajiya, ni da na ba hamsin baya da daɗewa, katin aiki na dukan ƙirjina, jagoran yana gaba yana buɗe mana hanya. Muka hango ayarinsu a cikin layi, masu tsaro sun fara duba izini a wayoyi, saura mutum biyar ko shida su gama shigewa. Jagoran ya ɗaga wayarsa yana kira. Mai tsaron ya dubi tsohon, ya dubi agogo, ya yi masa alama da hannu ya zo.

Na zaci tsohon zai tashi ya wuce ne. Ya tashi, amma sai ya juyo ya kama hannuna da nasa biyu, ya yi magana. Jagoran, yana haki, ya fassara.

"Yana tambaya a ina kake zaune."

Na ce a nan Sih, in na fito da ƙafa ina samun jam'i a masallacin nan.

Da aka faɗa masa, sai idonsa ya cika da ƙwalla. Ya yi wata doguwar magana. Jagoran ya juyar mini.

"Ya ce ka yafe masa. Ya ce ɗazu a ɗakin can ya yi maka mugun kallo, kuma bai san maƙwabcin Manzon Allah yake kallo haka ba. Ba ya son ya shiga da wannan a wuyansa."

Ni da na kusa raba shi da abin da ya tsufa yana jira, ni ake neman yafiya a wajena. Na buɗe baki, harsunan nan biyar babu wanda ya zo. Na dai gyaɗa kai. Ya zaro harar uku daga gwangwanin ya danƙa mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai, ya juya ya bi layi da ƙafarsa. Na tsaya riƙe da arabiyya ba kowa a kai har ya ɓace mini cikin mutane. An haife ni a garin nan, na wuce ta ƙofar nan ba adadi, amma ranar ce na fara yin kuka a wajen.

Washegari na tarar an gyara takardar bango. An ja layi a kan Urdu. Wani kuma, wanda na san rubutunsa ko a duhu, ya sa alamar tambaya gaban Indonisiyanci, ya rubuta Abu Harara a saman sunana. Kafin azahar har direbobi sun ɗauka. Na tambayi Ishaƙa yadda ake shan harar ɗin da tsoho ya ba ni, ya ce mai jiki irin nawa sai ya haɗa biyu lokaci guda. Baurinsa ya fi na bagaruwa. Abin da ya biyo baya kuwa, ya isa in ce muku maganin yana aiki, kuma ranar Alhamis ɗin nan masu turawa ba su ga mushrif ɗinsu sosai ba. Kada Bakano ya karɓi magani a hannun Bazazzagi, ko da a Madina ne.

Harar na ukun yana nan a aljihun gaban rigata, ya ƙara bushewa. Daga ranar na sa doka a sashenmu, wadda kuke bi yanzu ba ku san asalinta ba. In fasinja ya faɗi kalma, kada ka danna rediyo sai ka ce ya nuna maka, in bai iya nunawa ba ka kira jagoransa. Baƙon da ya gyaɗa maka kai ba cewa yake ka yi daidai ba, murna yake ya samu wanda ya tsaya ya saurare shi. Kuma in an tambaye ku harsunan da kuke ji, ku faɗi waɗanda za ku iya jin ciwon mutum da su, sauran ku bar su a gida.

Mutanen da muke turawa a arabiyyar nan, mu muna ganinsu guda nawa suka rage kafin a tashi daga aiki. Su kuwa kowanne ya yi shekaru yana tahowa, kuma mu ne mutanen Madina na farko da yake gani. Shi ya sa ban taɓa hana kowa kirana Abu Harara ba. Duk lokacin da kuka kira, tsohon nan nake tunawa, tsaye a bakin layi lokacinsa na ƙurewa, ya ƙi shiga sai na yafe masa.